Ruwan Malt na Gida: Zumar Gwangwani, Gari, ko Tsiron Dawa?

Duk gidan da ke da yara an san yadda katan ɗin Maltina yake ƙarewa. A saya don baƙi, kafin Juma'a ta zagayo sai kwali. Da azumi kuwa ba a magana. Shi ya sa mata da dama suka fara tambaya ko ana iya haɗa irinsa a gida. Ana iyawa. Ba zai fito sak da na kamfani ba, domin su suna ɗura masa iskar gas, suna kuma ƙara masa launi da ƙonannen sukari, amma ɗanɗanon nan na hatsin da ya tsira, mai zaƙi da ƙamshin ɓawon burodi, tukunyar gida tana fitar da shi sarai.

Inda uwargida ke tsayawa tana jinjina kai shi ne wurin zaɓen abin da za ta fara da shi. Hanya uku ce a gabanki. Akwai malt mai kauri kamar maɗi da ake sayarwa a gwangwani, wanda zan riƙa kira zumar malt. Akwai wanda aka busar ya zama gari. Sai kuma hanyar kaka da kakanni: ki jiƙa dawa ta tsira, ki shanya, ki niƙa, ki fitar da zaƙin da hannunki. Na yi duka ukun. Abin da na lura shi ne yawancinmu farashi muke dubawa, alhali tukunyar da ke kicin da irin murhun da ake girki a kai su ya kamata a fara tambaya.

Akwai maganar da ya dace a yi ta a fili tun yanzu. Zumar da garin, da yawa daga masu sayensu a shaguna masu dafa giya a gida ne. A Ingila an cire musu sharaɗin lasisi a 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta musu a 1978, daga nan kasuwar kayan ta bunƙasa. Don haka bayanin da za ki gani a jikin gwangwani da su yake magana. Amma zumar ko garin babu giya a ciki ko ɗigo. Sha'ir ne aka tsirar, aka jiƙa shi a ruwan ɗumi har sitacinsa ya koma sukari, aka tace, aka janye ruwan. Su masu giya bayan sun dafa sai su zuba yis su bar shi ya kwana biyu har ya zama giya. Mu a bakin tukunya muke tsayawa, kuma rabin aikinmu shi ne hana yis samun hanyar shiga.

Abin da za ki auna da shi

Abu biyar nake dubawa. Na farko kuɗi, kuma ba na saye kaɗai ba, har da gas ko gawayin da za a ƙona da kwanakin da aikin zai ci. Na biyu jure ajiya, wato wata nawa kayan za su yi a sito a irin zafinmu da laimar daminarmu. Na uku sauƙin aiki. Na huɗu haɗari, na lafiya da na addini. Na biyar, wanda na fi ba nauyi, shi ne halin kowanne a kan wuta, don haka bari in ɗan daɗe a kansa.

Ana tafasa ruwan malt ne don a kashe ƙwayoyin cuta da yis ɗin da ke yawo a iska, don furotin ɗin hatsin ya dunƙule ya kwanta, don kuma wani wari mai kama da na dafaffiyar masara ya bi tururi ya fita. Matsalar tana zuwa daf da tafasa. Furotin ɗin yakan taru a sama ya yi kumfa mai yauƙi, tururi ya rasa ta inda zai fita, sai ya ɗago kumfar gaba ɗaya a cikin ƙiftawar ido. Duk mai yin awara ta san irin wannan borin, ta kuma san ba ya jiran a je a ɗauko abu a ɗaki. Bambancin kawai shi ne wannan ruwan sukari ne. In ya zuba a murhu ya ƙone ya daskare, in ya zuba a fata ya manne.

Maganinsa ba boka ba malam. Ki bar kashi ɗaya cikin uku na tukunyar ba komai. Kada ki rufe ta da zarar ta kusa tafasa. Ki tsaya a kanta da muciya da kofin ruwan sanyi, kumfa na tasowa ki yayyafa mata ruwan ki rage wuta. Bayan kamar minti biyar zuwa goma za ki ga kumfar ta faɗa, wasu 'yan gutsattsari kamar na ƙwai suna yawo a ciki. Daga nan an wuce wurin tsoro.

A wurin rage wutar nan ne murhu yake raba gardama. A kan gas murɗawa ɗaya ce. A kan itace sai ki zare biyu ko uku, wuta ta lafa nan take. Gawayi shi ne mai taurin kai, domin garwashin da ya kama ba ya ja da baya don kin so, kuma sauke tukunya mai lita 12 na tafasasshen sukari daga kurfoti abu ne da ba zan ba kowa shawarar yi ba. Mai girki da gawayi dole ta nemi hanyar da za ta dafa kaɗan a tukunya mai yalwa.

Za ki ji ana cewa sai an tafasa awa guda cur. Wannan ƙa'idar masu giya ce, saboda furen hops da suke zubawa ba ya sakin ɗacinsa sai ya daɗe yana dahuwa. Mu da ba ɗaci muke nema ba, zuma da gari minti 10 zuwa 15 sun ishe su, tun da an riga an dafa su a masana'anta. Ruwan tsiron da kika yi da kanki ne yake bukatar awa gudan.

Domin lissafi ya tafi daidai, duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan lita 10 ne, mai zaƙi matsakaici.

Zumar malt

Kamfanoni irin su Muntons na Ingila, Coopers na Ostareliya da Briess na Amurka su ne sanannu. Gwangwanin kilo 1.5 shi aka fi gani, kuma shi ɗaya ya isa lita 10 ba sai an yi awo ba. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. A inda ake yin ta, kilo ɗaya na zuma ya fi kilo ɗaya na gari araha, amma in daga waje za a kawo miki, ki tuna kina biyan kuɗin dakon ruwan nan da na ƙarfen gwangwani, kuma farashin yana bin dala duk inda ta nufa.

Ki karanta jikin gwangwanin da kyau kafin ki biya. Wasu an riga an zuba musu hops, har da ƙunshin yis a ƙarƙashin murfi. Waɗannan na masu giya ne zalla, ɗacinsu ba ya gyaruwa da sukari. Wanda kike nema shi ne wanda aka rubuta malt kaɗai. Akwai kuma na kwalba da ake sayarwa a shagunan kayan ƙarin lafiya, wani lokaci a haɗe da man hantar kifi, irin wanda ake ba yaran Ingila a cokali a zamanin da. Shi ma ba na tukunya ba ne. Na masu gidan burodi yana yi, sai dai wasu an sirka su da ruwan gulukos, zaƙi ya yi yawa ƙamshi ya yi kaɗan.

A ɗanɗano zuma sabuwa ta fi gari cika baki, a ganina. Rauninta yana wurin ajiya. Sukari da furotin in suna tare a wuri mai ɗumi sukan yi ta yin duhu suna sauya ɗanɗano, abin da wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Shi ne ke sa bayan burodi ya yi ja a tanda, kuma yana faruwa a hankali a cikin rufaffen gwangwani. A ƙasar sanyi gwangwani yana iya kaiwa shekara biyu. A sito irin na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, 'yan watanni sun isa ya yi baƙi ya ɗauki ɗanɗanon mazarƙwailar da ta ƙone. Duhun bai dame mu ba tun da dama launin muke so, ɗanɗanon ne abin ji. In kin buɗe kuma, abin da ya rage sai firji, in ba haka ba funfuna ta hau samansa.

A kan wuta aibinta ɗaya ne, kuma babba: ta fi ruwa nauyi nesa ba kusa ba. Kina zubawa sai ta nutse ta kwanta a gindin tukunya, daidai inda wuta ke duka. Ranar da na fara yi na zuba ta wuta na ci, kafin in ɗauko muciya ta riga ta kama. Ƙanzon bai fi tafin hannu ba, amma ƙaurinsa ya bi lita goman nan kaf, haka na zubar ina ji ina gani. Tun daga ranar ga yadda nake yi: in sa rufaffen gwangwanin a ruwan zafi na minti 15 don zumar ta saki, in ɗumama ruwan tukunya, in kashe wuta ɗungurungum, in zuba a hankali ina juyawa, sai na ji muciya tana goge gindin tukunya ba tare da wani danƙo ba sannan in sake kunnawa.

Abin da ya sa zuma ta dace da ƙaramin kicin shi ne ba sai kin tafasa lita goman duka ba. Ki narkar da ita a lita 4 ko 5, ki tafasa, sannan ki cika da ruwan da kika riga kika tafasa tun jiya kika sanyaya. Tukunyar lita 8 ta isa. Kaurin dahuwar zai sa ta ɗan ƙara duhu, ya kuma sa ta fi saurin kamu, don haka wuta matsakaiciya da juyi a kai a kai.

Garin malt

Ruwan malt ɗin dai ne, aka fesa shi cikin iska mai zafi ya bushe ya zama gari mai laushi kamar madarar gari. Laimar da ta rage a cikinsa ba ta wuce kashi biyu zuwa uku cikin 100 ba, shi ya sa kilo 1.2 yake yin aikin kilo 1.5 na zuma. Ya fi tsada a kilo, amma ya fi sauƙin ɗauka, ba ya tsiyaya a jaka, kuma duk wanda za a ba saƙo daga waje ya fi son leda a kan gwangwani.

Babbar falalarsa ita ce awo. Gram 120 a kowace lita, shi ke nan. Kina son lita biyu yau, ki auna gram 240 ki ɗaure sauran. Da zuma wannan wahala ce, ga danƙo ga ɓarna. Kuma tun da babu ruwa a cikinsa, duhun nan na ajiya ba ya cin sa da sauri. In leda tana rufe ruf yana haura shekara lafiya lau.

Abokin gabansa laima ce. Yana zuƙar ruwa daga iska fiye da gishiri. Ki bar bakin leda a buɗe yini ɗaya a watan Agusta, washegari ki tarar da dutse. Bai lalace ba, yana narkewa in an yi haƙuri, amma awo ya gagara. Ki juye shi a robar da murfinta ke kamawa sosai, ko ki rarraba shi a ƙananan ledoji tun ranar da kika buɗe.

A kan wuta ba ya nutsewa kamar zuma, don haka kamu bai cika damunsa ba. Nasa halin biyu ne. In kika kai bakin ledar kan tukunya mai tururi, garin zai dunƙule tun a bakin ledar, wanda ya faɗa ciki kuma ya yi gudaji mai ɓawo a waje da busasshen gari a ciki. In kuma kika zuba shi a ruwan da ke tafasa, borin da zai yi ya fi na zuma sauri da tsayi. Hanyar tsira ita ce ki dama shi a ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi a cikin kwano, kamar yadda ake dama kamu, sai ya narke sumul sannan ki ɗora. In an yi haka, a cikin ukun nan babu mai sauƙin kai irinsa. Ɗanɗanonsa ya fi na zuma tsabta amma ya ɗan fi shi rashin nauyi, kuma mai haske daga cikinsa ruwan yakan fito kalar shayi. Mai son baƙi sai ta nemi mai duhu, ko ta ƙona sukari cokali uku ta zuba.

Tsiron dawa

Wannan namu ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da malt ɗin sha'ir, dole kamfanoni suka juya ga dawa da masara, dawar Arewa ta shiga cikin kwalaben da muke sha. Irin nan SK5912, gajeriyar kaura da ta fito daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, yana cikin waɗanda masu yin malt suka riƙe. Kafin kamfanoni kuwa, mata sun daɗe da sanin sirrin tsiro: masu kunun zaƙi da ke zuba tsiron shinkafa, masu burkutu da fito, da matan Sudan da ke yin hulu-mur na buɗa baki da tsirarriyar dawa.

A kuɗin saye babu haɗi. Kilo 3 na dawa daga kasuwar hatsi, wanda zai ba ki kusan kilo 2.5 na busasshen tsiro, bai kai ko kusa da kuɗin gwangwani ɗaya ba. Amma za ki biya da mako guda na kulawa da yini guda a bakin murhu, da makamashi ninkin na sauran.

Zaɓen dawa shi ne farko. Farafara ko kaura sun fi jar dawa, domin ja tana kawo bauri. Ta zama ta bana, ba wadda ta shekara a rumbu ba. Ki ƙirga ƙwaya 100 ki nannaɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle kwana uku, in waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba ki nemi wata, saboda ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a cikin 'yan'uwanta. Kada ki kusanci irin shuka da aka shafa wa magani, wanda za ki gan shi da launin ja ko shuɗi, ko hatsin da ke warin maganin ƙwari.

Ki jiƙa ta yini da kwana kina sauya ruwa, ki tsane, ki baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kaurin bai wuce tsawon yatsa ba. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki juya. Cikin kwana 3 zuwa 5 saiwa da tsiro za su fito. Sai shanya a rana kwana biyu ko uku har ƙwayar ta riƙa karyewa a haƙori. Hunturu ne lokacin wannan aiki. Da damina shanya ba ta yi, funfuna kuma tana jira, kuma funfunar hatsi tana iya barin dafin aflatoksin da tafasa ba ta kashewa. Duk tsiron da ya yi baƙi, ko kore, ko warin ruma, zubar da shi ake yi ba tare da ciniki ba.

Ga wani mataki da ba na so ki tsallake. Makiyaya sun san gyauron dawa yana kashe dabba. Dalili shi ne ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari da ke sakin gubar sayanayid, kuma a cikin ɗan tsiron da saiwar yake taruwa. Bayan ya bushe ki murje shi sosai tsakanin tafukanki, ki sheƙe, ki bushe, har sai ƙwaya zalla ta rage. Shanya da murza da doguwar tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya su ke kawar da haɗarin. Kada kuma a bar yara su riƙa tsinkar ɗanyen suna ci don zaƙinsa.

Fitar da zaƙin shi ne wurin gwaninta. Sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 70, alhali sinadaran da ke cikin tsiron masu mayar da sitaci sukari a daidai wannan zafin suke fara mutuwa. Sha'ir ba shi da wannan matsala, shi ya sa Turawa suka same shi da sauƙi. Matanmu sun daɗe da warware ta ba tare da ma'aunin zafi ba. A ɓarza tsiron, a dama da ruwa mai ɗan ɗumi, a bar shi ya kwanta rabin awa. A tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe, domin sinadaran suna cikinsa. A dafa kaurin da ya kwanta har ya zama kamar koko mai kauri, ana juyawa kada ya kama. A sauke ya sha iska, sannan a mayar da ruwan da aka ajiye, yadda haɗin zai tsaya wajen digiri 62 zuwa 65. A rufe a lulluɓe da bargo awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Za ki ga kaurin ya tsinke ya zama ruwa, zaƙi ya fito. Dawa tana da ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran nan, dankalin Hausa kuwa yana da shi da yawa, don haka ɗan markaɗaɗɗen ɗanyen dankali da masu kunu ke zubawa a wannan gaɓa yana da hujja. In kina son tabbaci, ɗiga aidin a kan cokali ɗaya na ruwan a faranti. In ya yi baƙi-shuɗi da sauran sitaci. Ki zubar da wanda kika gwada, ba a mayar da shi tukunya.

Tata tana cin rai, domin dawa ba ta da ƙaiƙayin da ke taimaka wa sha'ir tacewa. Ƙyallen tatar koko da haƙuri. Daga nan sai tafasa, kuma a nan babu dabarar ƙaramar tukunya. Ruwan da kika tace lita 12 ne ko 13, dole a dafa shi duka awa guda har ya koma 10. Kina bukatar tukunyar lita 20 da wuta mai ƙarfi. A kan ƙaramin gas na gida, kafin ma ya tafasa an ci kusan awa. Kumfarsa ta fi ta sauran yawa da naci tun da ba a taɓa dafa shi ba, sai kina kwashewa da ludayi. Murhun itace da babbar tukunyar biki sun fi komai dacewa da shi. Ɗanɗanon da za ki samu bai kai na sha'ir nauyi ba, yana da ɗan tsami-tsami da ƙamshin hatsi. In kika soya tafin hannu biyu na tsiron a busasshen kasko har ya yi ja kika haɗa, launi da ƙamshi sukan matso kusa da na kwalba.

Bayan an sauke

A nan duka ukun hukuncinsu ɗaya. Ki huce shi da sauri: tukunya a cikin bahon ruwa da ƙanƙara, a rufe, a nufi rabin awa. Gora da mazurari da ludayi duk a ɗauraye su da tafasasshen ruwa.

Ruwan malt ba shi da tsamin da zai kare kansa. Ƙwayar cutar da ke haddasa gubar abincin gwangwani mai shanye jiki tana iya rayuwa a duk abin da tsaminsa bai sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin tsami ba, ruwan malt kuwa yana sama da 5, kuma ƙwanta ba ya mutuwa a tafasar tukunya, sai a zafin digiri 121 na tukunyar matsi. Saboda haka kada ki ɗura shi a kwalba ki toshe ki jera a kanta kamar na kanti. Firji, a shanye cikin kwana uku, ko firiza in za a daɗe.

Ɗaya haɗarin shi ne yis na iska. A zafin ɗaki na digiri 30 zuwa sama, yini ɗaya ko biyu sun isa ya fara aiki. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, bai wuce nan ba. Namu ruwan, in babu sanyi, ba ya ma kai haka. Ki yi amfani da gorar roba, ba kwalba ba, domin roba tana gaya miki gaskiya: in ta yi tauri, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ko ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, ya juya, a zubar. Kwalba kuwa fashewa take yi. Mai ciwon sukari ya ɗauke shi kamar kowane lemon kwalba, wanda kuma alkama ke ɓata wa ciki ya sani sha'ir danginta ne, dawa ce ba ruwanta.

| | Zumar malt | Garin malt | Tsiron dawa |
|---|---|---|---|
| Na lita 10 | kilo 1.5 | kilo 1.2 | kilo 2.5 busasshe |
| Kuɗin saye | da tsada | ya fi tsada a kilo | araha ƙwarai |
| Makamashi | kaɗan | kaɗan | da yawa |
| Lokaci | awa 1 zuwa 2 | awa 1 zuwa 2 | mako guda da yini |
| Tsawon tafasa | minti 10 zuwa 15 | minti 10 zuwa 15 | minti 60 |
| Tukunya | lita 8 | lita 8 | lita 20 |
| Hali a wuta | kamu | gudaji da bori | bori mai naci |
| Ajiya | zafi na ɓata ta | laima na daskarar da shi | watanni, in ya bushe sarai |
| Haɗarinsa na kansa | sayen mai hops | kusan babu | funfuna da gubar tsiro |

Wa zai ɗauki wanne

In yau za ki fara, kuma gas ko risho kike da shi, ɗauki gari. Kuskurensa ba ya cin tukunya guda, kuma kina iya gwaji da lita ɗaya har hannunki ya faɗa.

In taro ne, suna ko walima, inda za a shanye lita 10 ko 20 a yini ɗaya, zuma ta fi. Gwangwani ɗaya ko biyu, ba awo, ba saura. Sharaɗi dai ki duba ranar da aka yi ta, ki kuma tambayi inda aka ajiye ta. Haka 'yar'uwar da ke zaune a Ingila ko Amurka, inda shagunan kayan suke kusa kuma gwangwanin bai sha rana a hanya ba, zuma ce tata.

In kina da tsakar gida, da murhun itace, da babbar tukunya, da hannun taimako, kuma hunturu ya shigo, tsiron dawa ya fi miki komai. Wadda ke tunanin sayarwa ma nan lissafinta zai fita, domin kayan waje ba za su bar mata riba ba. Ki tsirar da mai yawa sau ɗaya, ki adana busasshe a rufaffen bokiti, ki riƙa ɗiba. Amma in ɗaki ɗaya kike da shi a bene da ƙaramar tukunya, kada arahar dawa ta ja ki.

Mai girki da gawayi ta tsaya a kan gari, ta dafa lita biyu ko uku a tukunyar da ta ninka haka, yadda ko ya taso ba zai kai baki ba, in kuma ta kama a sauke hannu biyu sun isa.

Wadda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, ko ba ta da firji sam, ita ma gari, kuma na yini ɗaya kawai. Gram 240 a lita biyu, a ɗora bayan azahar, a huce a baho, a sa ƙanƙarar saye a kewaye gorar, a sha da buɗa baki. Abin da ya rage bayan tarawihi a raba wa maƙwabta kafin a kwanta.